Shayin adalci: darasin manoman tsaunukan Tailan ga masu noman yakuwa a Dakoro

A gundumar Dakoro babu inda ake shuka ganyen shayi, amma da wuya ka ratsa unguwa ba ka tarar da buta bisa gawayi ba. Ganyen yana zuwa daga ƙasar Sin, kuɗinsa kuma can yake komawa. A gefe guda, zoɓorodon da matan karkara ke tsinka a gefen gonakin hatsi yana ƙarewa cikin kofin ɗan Jamus ko ɗan Mekziko, a farashin da mai tsinkar ba ta taɓa jin labarinsa ba. Yanzu da masu saye a Turai ke ƙara neman shayin da aka noma ba da guba ba, kuma aka saya ba tare da cutar manomi ba, ya dace mu duba wa ke cin moriyar wannan kasuwa, da kuma abin da zai sa ƙaramin manomin jihar Maraɗi ya samu rabonsa a ciki.

Ganyen da ke zuwa daga nesa

Koren shayi ya iso yankin Sahel ta Maroko. A tsakiyar ƙarni na 19 ƴan kasuwar Ingila suka cika tashoshin ruwan Tanja da Mogador da shi, ayarin raƙuma suka tsallako da shi Sahara, Larabawa da Abzinawa suka mayar da shi abin tarbar baƙo, daga nan ya shiga rugage da garuruwan Hausa. A Nijar ya samu sabon gida a farkon shekarun 1990, lokacin da fadodin samari suka yawaita a Damagaram, Maraɗi da Yamai. A yau bafade, makiyayi, ɗan kabu-kabu da ma'aikacin gwamnati duk buta ɗaya ta haɗa su.

Ƙasar Sin ce ke noma kusan rabin shayin duniya, kuma ita ce kan gaba wajen fitar da koren shayi. Maroko ce babbar mai saye, sai ƙasashen Afirka ta Yamma da ke bi mata. Lambobin da muke gani bisa kwalaye, irin su 41022, 4011 da 3505, darajar ganye suke nunawa: biyun farko na nau'in da ake kira Chunmee ne, mai dogon murɗi, na ukun kuma shi ne mai dunƙule kamar harsashi. Lardunan Zhejiang, Anhui da Jiangxi suna cikin inda aka fi sarrafa su. Hukumar FAO ta ce ƙananan manoma ne ke samar da kashi 60 cikin 100 na shayin duniya. Ke nan mai tsinkar ganyen da muke dafawa talaka ne kamar mai dafawar, sai dai kwalin ba ya faɗin sunan ƙauyensa ko abin da aka biya shi.

Hanyar da ganyen ke bi ta ƙara tsawo. Kafin juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, mafi yawan kayan da Nijar ke shigowa da su ta tashar Kwatano suke biyowa. Ƙungiyar CEDEAO ta ɗage takunkuminta a watan Fabrairun 2024, amma iyakar Benin ta ci gaba da zama a rufe daga ɓangaren Nijar, manyan motoci suka koma bi ta Lome da Burkina Faso cikin rakiyar sojoji. Kowane ƙarin kwana a hanya kuɗi ne, kuma mai sayen ƙulli ɗaya a tebur shi ke biya a ƙarshe.

Akwai kuma batun lafiya. A shekarar 2021 hukumomin Mali sun janye wani rukunin koren shayi daga kasuwa saboda ragowar maganin ƙwari da aka samu a cikinsa. Tarayyar Turai tana auna irin wannan ragowa a bakin iyakarta, tana mayar da kayan da suka wuce ƙa'ida. Duk kasuwar da ba ta awo sosai, ita ce ke zama mafakar kayan da wasu suka ƙi.

Kalmomi biyu da ake rikitawa

Bisa kwalayen shayin da ake sayarwa a kantunan Turai ana yawan ganin alamomi biyu, kuma kowace da aikinta.

Ta farko ita ce « bio ». Tana nufin an noma abin ba tare da takin zamani ko maganin ƙwari na masana'anta ba, an adana shi ba a gauraya da wani ba, kuma wani kamfanin bincike, irin su Ecocert na Faransa, ya zo ya gani da idonsa ya ba da takardar shaida. A dokar Turai, gona tana jiran shekara biyu kafin amfaninta ya samu wannan suna, itatuwa kuma shekara uku. Alamar tana magana ne kan ƙasa da lafiyar mai sha. Ba ta ce komai ba kan abin da manomi ya samu.

Ta biyu ita ce ta cinikin adalci. Ta fara a ƙasar Holan a 1988 da sunan Max Havelaar, a 1997 kuma aka haɗa ƙungiyoyinta ƙarƙashin inuwa ɗaya da yanzu ake kira Fairtrade International, mai mazauni a birnin Bon na Jamus. Alƙawarinta biyu ne: farashin da ba za a sauka ƙasa da shi ba ko da kasuwa ta faɗi, da wani ƙarin kuɗi da ake zuba wa ƙungiyar manoma, su da kansu su yanke shawarar abin da za su yi da shi, rijiya ce ko aji ko sito.

Ana iya samun shayi mai alamar farko wanda ma'aikatansa ke cikin wahala, ana iya samun mai ta biyu da aka fesa wa magani. Shi ya sa masu saye da ke son abin ya yi ma'ana suke neman duka biyun, wasu ma suna tsallake dillalai su je ƙauyen da kansu.

Abin da ya faru a tsaunukan Tailan

Misalin da aka fi kawowa shi ne na arewacin Tailan, a lardunan Chiang Mai da Chiang Rai. A can bisa tsaunuka akwai ƙananan ƙabilu, Akha, Lahu, Lisu, Hmong da Karen, masu harsunansu daban da na mutanen kwari. Har zuwa shekarun 1960 babban abin da ke kawo masu kuɗi shi ne furen da ake yin ƙwayar ofiyom da shi. Dalilin a fili yake: ƙauyukan ba su da hanyar mota, ofiyom kuwa ba shi da nauyi, ba ya lalacewa, kuma mai saye har gida yake zuwa.

A 1969 sarki Bhumibol Adulyadej ya kafa shirin da aka sani da Aikin Sarki, aka buɗe tashar gwajin iri a tsaunin Ang Khang. A 1988 mahaifiyarsa ta buɗe wani shirin a tsaunin Doi Tung, wanda tun farko aka tsara shi kan shekara 30. An kawo itatuwan marmari na wuraren sanyi, gahawa, kayan lambu da shayi. A garin Mae Salong, inda tsofaffin sojojin Sin da suka gudo bayan 1949 suka zauna, an dasa irin shayin oolong daga Taiwan, garin ya zama cibiyar shayi, ƙauyukan Akha na kewaye suka shiga aikin. A wasu wuraren kuma tsofaffin itatuwan shayi da ke cikin daji, waɗanda mutanen yankin suka daɗe suna tsinka, su ne suka samu daraja, domin ba su taɓa ganin taki ko feshi ba.

Abubuwa uku ne suka sa aikin ya kama. Gwamnati ba ta fara tumɓuke gonakin ofiyom da ƙarfi ba sai tsakiyar shekarun 1980, bayan shekara 15 ana gina abin da zai maye gurbinsa. Shirin bai tsaya ga raba iri ba, ya gina hanya, wurin tattara kaya da masana'anta, ya kuma ƙirƙiro sunayen kasuwa nasa, Doi Kham da Doi Tung. Sannan kasuwar farko ta cikin gida ce: mutanen Bankok da masu yawon buɗe ido ne suka fara saye kafin a yi maganar fitarwa waje.

Duk da haka ba komai ne ya warware ba. Mutanen tsaunuka da yawa sun daɗe ba su da takardar zama ɗan ƙasa, kuma gonakinsu da dama suna cikin dajin da doka ta ce na gwamnati ne. Wanda ba shi da takardar gona ba ya samun bashin banki, ba ya iya sayen injin sarrafa ganye. Sai ya sayar da ɗanyen ganye ga mai masana'anta a ranar da ya tsinka, domin ganyen shayi ba ya kwana. Hotonsa da kayan gargajiya ne ke bisa kwalin, ribar kuma tana wurin mai injin.

Hatimi kaɗai ba ya ciyar da gida

Afirka ma tana da nata darasin. A 2014 masu bincike na makarantar SOAS ta jami'ar Landan suka fitar da sakamakon aikin da suka yi a Habasha da Yuganda kan gahawa, shayi da furanni. Sun gano cewa ƴan ƙwadago a yankunan da ke da hatimin cinikin adalci ba su fi na sauran wurare samun albashi ba, wani lokaci ma ƙasa suke. A watan Fabrairun 2023 kuma tashar BBC ta nuna yadda wasu masu kula da ma'aikata ke cin zarafin mata a manyan gonakin shayi na Kenya da ke sayar wa sanannun kamfanoni, gonakin da masu ba da shaida suka riga suka ziyarta. Akwai kuma matsalar da manoman shayi masu hatimin suka daɗe suna kuka da ita: ƙaramin kaso ne na ganyensu ke samun mai saye da farashin adalci, sauran yana tafiya gwanjo kamar na kowa, alhali kuɗin bincike duk shekara ake biyansa.

A Kenya ɗin dai ake samun misalin da ya fi ƙarfi. Hukumar KTDA, da aka kafa a 1964 aka kuma mayar hannun manoma a shekarar 2000, tana haɗa ƙananan manoma sama da dubu 600. Masana'antun da ke sarrafa ganyen mallakarsu ne. Ana biyan manomi kowane wata bisa kilon da ya kawo, a ƙarshen shekara kuma a raba masa ƙarin kuɗi gwargwadon yadda shayin masana'antarsa ya sayu a gwanjon Mombasa. Rigingimu kan shugabanci da kuɗi ba su ƙare ba a cikinta, amma manomi yana da ƙuri'a, kuma yana da hannun jari a inda ake ƙara wa ganyensa daraja.

Kusa da mu, shayi yana fitowa a tsaunin Mambila na jihar Taraba a Najeriya, inda gonar Kakara ke sarrafa Highland Tea tare da ƙananan manoman kewaye. A Mali akwai gonar Farako kusa da Sikasso, da aka kafa da taimakon Sin a shekarun 1970. Ba ɗaya daga cikinsu da ta iya ture ganyen Sin daga butocinmu. Dakoro kuwa ba ta cikin wannan layi: itacen shayi yana son ruwan sama da ya haura milimita 1.200 a shekara da ƙasa mai tsami, mu kuma damina mai kyau ce ke ba mu 400.

Shayin da ƙasarmu ke bayarwa

Kasuwar duniya ba ta tsaya ga ganyen Sin ba. Wani babban ɓangarenta na furanni da ganyayen da ake jiƙawa a ruwan zafi ne, kuma a nan muna da abin sayarwa. Zoɓorodo shi ne ke ba da ja da tsami a yawancin shayin ƴaƴan itace da Jamusawa ke sha. A Mekziko ana yin sanyin sha da shi a kowane lungu. Geza, wadda ke tsirowa da kanta a dajinmu, ita ce kinkeliba da ake sayarwa a Dakar da Paris. Zogala da ake nomawa a gulbin Maraɗi, a Jiratawa, Tibiri da Madarunfa, ana niƙa ta a zuba a ƙananan jakunkuna a sayar a shagunan kayan lafiya.

A ƙasar Kornaka, Sabon Mashi, Ajekoriya da sauran kudancin gundumar Dakoro, yakuwa shukar gefen gona ce. Ana jera ta a kan iyaka ko a tsakanin hatsi da wake, sau da yawa a gamanar mata. Ganyen na miya ne, ƴaƴan na daudawar batso, jan furen kuma na kasuwa. Tana jure ƙarancin ruwa, kuma mafi yawan masu shuka ta ba su zuba mata taki ko magani, domin ɗan abin da ake da shi hatsi da wake ake ba. Talauci ya riga ya cika rabin sharaɗin « bio » ba tare da kowa ya nema ba.

Ga lissafi mai sauƙi. Kwalin shayi a kantin Turai yakan ɗauki jakunkuna 20 masu giram 2 kowace, wato giram 40. Kilo ɗaya yana cika kwali 25. In mun ƙaddara ana sayar da kwalin euro 2 da rabi, kilon ya tashi euro 62 da rabi, kusan jaka 41 na kuɗin sefa. Mai karatu ya kwatanta da abin da ake biyan mace a kasuwar ƙauye kan tiyoyin da ke cika kilo guda. Gaskiya ne cikin wannan tazara akwai kuɗin mota, jirgin ruwa, tsabtacewa, awo, kwali, haraji da hayar kanti. Amma kusan dukkan waɗannan ayyuka a wajen Nijar ake yinsu.

Kaso mai yawa na zoɓon Nijar yana tsallaka iyaka zuwa kasuwannin Najeriya, irin su Maigatari a jihar Jigawa, a tattara shi a Kano, ya fita ta Legas da sunan Najeriya. Wannan dogaro yana da haɗari. Lokacin da Mekziko ta dakatar da sayen zoɓon Najeriya na wasu shekaru saboda ƙwaron sito da aka samu a cikin kaya, faɗuwar farashin ta shafi har manoman da ba su san inda Mekziko take ba. Faɗuwar darajar naira tun 2023 ita ma ta rage abin da ɗan kasuwar Najeriya zai iya biya da sefa. A ɗaya gefen, yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 ya dagula yankin Kordofan, ɗaya daga cikin manyan wuraren noman zoɓo a duniya, masu saye suna neman wasu hanyoyi. Hanin fitar da cimaka da magabatan Nijar suka yi a watan Oktoban 2024 ya shafi hatsi, dawa, masara, shinkafa da wake, abin da ya ƙara wa kayan sayarwa irin su zoɓo da riɗi muhimmanci ga manomin da ke neman kuɗin hannu.

Inda ake zubar da damar

Gonar tana iya zama tsabtatacciya, kayan su lalace bayan girbi. Wurin farko shi ne shanya. Furen da aka baza a ƙasa yana kwasar rairayi, kashin awaki da gashin kaji, wanda bai bushe sosai ba kuma yana yin fumfuna a cikin buhu. Na biyu shi ne sito. Maganin nan da ake kira piya-piya, mai sinadarin diklorbos, ana yayyafa shi a ɗakunan ajiya don kashe ƙwari, kuma buhun zoɓon da ya kwana kusa da buhun waken da aka yi wa magani ya tashi daga « bio ». Saboda wannan sinadari ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya a 2015. Na uku shi ne gauraya: dillali yana haɗa kayan ƙauye goma a buhu ɗaya, daga nan babu mai iya cewa wannan daga gonar wance ya fito, kuma duk tsarin shaida a kan wannan sani yake tsaye.

Sai lokacin sayarwa. Yakuwa tana nuna a ƙarshen kaka, daidai lokacin biyan bashin damina, kuɗin makaranta da bukukuwa. Kowa yana kai nasa kasuwa a mako ɗaya, farashi ya faɗi, mai sito ya saya ya jira bazara.

Ƙofar Turai ma ta ƙara ƙunci. Sabuwar dokar « bio » mai lamba 2018/848 ta fara aiki a can a ranar 1 ga Janairun 2022, daga 2025 kuma ta hau kan manoman ƙasashen waje. Tana buƙatar ƙungiyar manoma ta kasance mai rajista a gaban doka, mambobinta kada su wuce 2.000, ta riƙe rajistar kowace gona, ta kuma yi nata binciken cikin gida kafin na waje ya zo. Wannan yana cin kuɗi da ma'aikata masu ilimi. Inda manoma ba su iya biya ba, ɗan kasuwa mai fitar da kaya ne ke biya, takardar ta fito da sunansa. Daga ranar, manomin da ya sha wahalar kiyaye ƙa'ida ba ya iya sayar da kayansa a matsayin « bio » ga kowa sai shi. Matsalar mai injin shayi ta tsaunukan Tailan ce ta dawo da wata riga.

Abin da ke hannunmu

Jihar Maraɗi ba daga sifiri za ta fara ba. A nan ne aka fara tsarin Mata Masu Dubara a 1991, kuma asusun mata na mako-mako ya bazu har wasu nahiyoyi. A nan ne sassaben zamani ya samo asali a farkon shekarun 1980, ya mayar da itatuwa bisa miliyoyin eka na gonaki. Masu binciken INRAN na Maraɗi suna cikin waɗanda suka gwada buhun PICS mai ruɓi uku, wanda ke kashe ƙwaro ta hanyar hana shi iska, ba da magani ba. Tsarin warantaj, inda ƙungiya ke kulle amfanin gona a sito ta karɓi bashi a kansa har farashi ya tashi, ya kafu a Nijar tun ƙarshen shekarun 1990. Akwai tarayyar manoma irin su FUMA Gaskiya, akwai zauren manoma na jiha da ke ƙarƙashin RECA, akwai jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo. Dokar OHADA ta 15 ga Disamban 2010 ta ba da hanyar yi wa ƙaramar ƙungiyar haɗin gwiwa rajista. A Damagaram, kamfanin Sahara Sahel Foods ya nuna tun 2014 cewa ana iya sayen hanza, aduwa da magarya daga hannun matan karkara, a sarrafa su a gida, a sayar wa ƴan ƙasa.

Abin da ya rage shi ne haɗa waɗannan a kan amfanin gona ɗaya, kuma a bi matakan da tsari. Matakin farko ba ya buƙatar Bature: tabarma ko tanti na shanya a ɗage daga ƙasa, sito na zoɓo kaɗai wanda magani ba ya shiga, ma'auni na kilo a madadin tiya, da littafin da ke rubuta sunan mai kaya da gonarta. Ƙungiyar da ta yi wannan shekara biyu a jere ta riga ta fi ƙarfin dillalin da ke saye a tsaye.

Mataki na biyu shi ne kasuwar gida. A Burkina Faso ƙungiyar CNABio ta kafa hatimin BioSPG, inda manoma, masu saye da masana ke duba gonakin juna su ba da shaida, a kuɗin da bai kai na kamfanonin waje ba. Turai ba ta karɓar irin wannan shaida, amma ta isa ga kantin Yamai, Wagadugu ko Bamako. A Nijar ƙungiyoyin da ke cikin dandalin Raya Karkara suna aiki kan noma maras guba, kuma duk wanda ya taɓa zagaya baje kolin SAHEL a Yamai ya ga matan da ke sayar da shayin zogala, geza da sitronel a cikin kwali. Ofisoshin gwamnati, otal-otal da tarurrukan bita suna sayen shayi duk mako. Da za a umarce su su sa na gida cikin abin da suke saye, masu sarrafawa za su samu ciniki tabbatacce da zai ba su damar ƙulla yarjejeniya da ƙauyuka tun kafin shuka.

Mataki na uku ne fitarwa waje, kuma a nan sharaɗi ɗaya ya fi sauran nauyi: takardar shaida ta fito da sunan ƙungiyar manoma. Duk wani shiri ko ɗan kasuwa da ya zo da maganar « bio » a Dakoro, tambayoyin da shugabannin ƙungiya za su yi masa su ne: sunan wa zai hau takardar, nawa ne mafi ƙarancin farashi, kilo nawa ya yi alƙawarin saye a rubuce, kuma wa zai ɗauki asara in awo ya ƙi kayan. Tunda mafi yawan masu yakuwa mata ne da ke noma a gonar miji ko ta aro, sai a ƙara da ta biyar: in abin ya fara kawo kuɗi, gonar za ta ci gaba da zama a hannunsu? Hukumomin filaye na ƙauye da na ƙaramar hukuma suna ba da takardar aro da ta kyauta, kuma neman ta tun yanzu ya fi sauƙi bisa bayan farashi ya tashi.

Gwamnati ma tana da nata aikin a ɓangaren ganyen da ke shigowa. Ƙasar tana da ɗakin awo na LANSPEX da hukumar ANMC mai kula da ingancin kaya. Auna samfurin kowane babban rukunin shayi kafin ya bar hannun duwan, da buga sakamakon a fili cikin Faransanci da harsunan ƙasa, zai kare mai sha, ya kuma saka wa ɗan kasuwar da ke shigo da kaya masu kyau. Ƙasashen AES uku iri ɗaya suke sha, sau da yawa daga masu kawowa ɗaya, don haka ƙa'ida ɗaya a tsakaninsu za ta fi sa masana'antun Sin su saurara.

Mutanen tsaunukan Tailan sun ɗauki fiye da shekara 30 kafin shayi da gahawa su maye gurbin ofiyom, kuma waɗanda suka fi amfana su ne masu ƙungiya, masu takardar gona da masu hannu a masana'anta. Zoɓon Dakoro yana da mai saye tun yanzu. Ƙungiyar matan da ta shanya nata a kan tanti a kakar bana, ta auna da kilo, ta kulle a sito har bazara, ita ce za ta fara sanin ainihin kuɗinsa.